Ina elektiron ke zuwa bayan ya bugi abu? Rajistar aikin kwalbarmu a Tudun Wada

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Bismillah. Na buɗe wannan rajista ne don kada abin da muke gani ya bi iska. Shekara tara ina koyar da fiziks a sakandare, kuma kullum in na zo darasin elektiron sai in zana kwalba a allo, in ɗiga ɗige-ɗige suna gudu, in ce wa yara su yarda. A zangon da ya wuce wata ɗaliba 'yar aji shida ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in sun je sun bugi abin da ke gabansu, ina suke zuwa?" Na ba ta amsar littafi, amma na koma gida tambayar tana cina. Don haka ni da ita da wani abokin karatunta muka ɗauki ɗakin da ke zauren gidana, za mu harba tsirkiyar elektiron, wato siririn layin elektiron masu gudu a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, kan jan ƙarfe da alminiyam da gilashi da roba, mu ga irin filin lantarki da filin maganaɗisun da kowanne zai tayar.

Baba mai gyaran talabijin na bakin layinmu ya ba mu aron tsohon osiloskop, wato na'urar da ke zana hawa da saukar wutar lantarki a kan ɗan allo. Irin kwalbar da Ferdinand Braun ya ƙera a 1897 ce a cikinsa, shekarar da J. J. Thomson ya tabbatar da samuwar elektiron a Kambirij ta Ingila. Wannan tana aiki da bolt 2,000, wato elektiron ɗin cikinta na gudun kusan kilomita 26,500 a daƙiƙa guda.

Mun zare rigar ƙarfen da ke kāre kwalbar, muka riƙa juya ta a kan tebur. In ta fuskanci arewa ko kudu, koren ɗigon yana tsakiya. In tsirkiyar ta nufi gabas sai ya sauka wajen milimita 4, in ta nufi yamma ya hau kamar haka. Maganaɗisun duniya ne ke lanƙwasa ta. Mu nan Kaduna mun yi sa'a, domin muna dab da layin da filin maganaɗisun duniya ke kwanciya shimfiɗe, ba ya nutsewa ƙasa kamar yadda yake yi a Turai. Saita kwalba arewa kawai ya ishe mu kawar da shi. Yaran sun juya teburin ya fi sau goma kafin su gamsu.

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

Kwalbar Baba a liƙe take, ba yadda za a sa mata wani abin bugu ban da fuskarta. Dole mu haɗa tamu wadda ake buɗewa.

Na wuni a Panteka. Na samo faifan alminiyam mai kauri na yin murfi, da guntun jan ƙarfe daga bututun tsohon firji, da dalma daga kan batirin mota. A nan sai mutum ya yi hattara da kalma: na ce dalma, wani ya nuna min tukunya, domin a bakin mutane da yawa tukunyar alminiyam ma ta dalma ce. Sai da na ce mai nauyin nan da farce ke iya kartawa. Gawayi kuwa daga cikin tsohon batirin tocila muka zaro shi, sandar nan baƙa ta tsakiya.

Kwalba ce mai kaurin jiki ta ɗakin gwaji, muka naɗe ta da ragar waya saboda in ta fashe bayan an zuƙe iska, ciki take faɗawa sannan ta watso. Injin zuƙe iskar na wani abokina ne mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ya ce in riƙe duk Asabar, da sharaɗin in canza masa mai. Dabarar da ta fi burge ni ta Baba ce. Ina tunanin yadda za mu riƙa sauya abin bugu ba tare da buɗe kwalba ba, ya ce, "Kai Malam, jera su duka a ciki, kowa da wayarsa, ka sa naɗin wayar wuyan talabijin ya riƙa kai musu wutar ɗaya bayan ɗaya." Haka muka yi.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ta kama. Asabar ɗin da ta wuce iska ta yi ta shiga ta gefen murfi, sai da muka yanko sabuwar roba daga cikin taya muka shafa mata girisi. Yau da injin ya yi minti kaɗan, cikin kwalbar ya ɗauki shunayya mai ja-ja, sannan duhu ya fara buɗewa daga wajen faifan da ke sakin elektiron, yana ƙara faɗi, har ƙarshen kwalbar ya yi wani kore-kore inda tsirkiyar ta fito ta ramin da muka huda. Ɗalibar ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da gaske ne." Gani ya kori ji.

Doka ɗaya na kafa, na rubuta ta a bango: ba za mu wuce bolt 4,000 ba. Dalili shi ne filin farko da elektiron ke tayarwa in ya bugi abu, wanda ido ba ya gani. Caji mai gudu in aka taka masa birki kwatsam, haske yake fitarwa, kuma in gudun ya yi yawa hasken nan eksire ne. A irin wannan kwalba Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus a watan Nuwamba na 1895. Gwargwadon nauyin ƙwayar zarrar abin da aka buga, gwargwadon yawansa, shi ya sa injin hoton ƙashi na asibiti ke amfani da ƙarfen tangistin, mai lamba 74 a jerin ƙwayoyin zarra. Ko a can ma wajen kashi 1 cikin 100 ne ke zama eksire, sauran duk zafi ne. Ƙasa da bolt 5,000 gilashin kwalba yana shanye ɗan abin da ya fito. Tsohuwar talabijin mai kala, irin mai kwalba, takan kai bolt 25,000, don haka ake cuɗa dalma a gilashin bayanta. Abin da ya wuce nan aikin masu izini ne daga NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, ba na zaure ba.

Na kuma jera rizista masu yawa a kan hanyar wutar don rage ƙarfinta, kuma ba mai taɓa komai sai na sauke cajin kondensa, wato abin da ke tara cajin wuta, da hannuna. 'Ya'yan mutane amana ne.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Da daddare na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Kwararar wutar da tsirkiyarmu ke ɗauke da ita mikro'amfiya 20 ce ko kusa da haka. Tsirkiyar elektiron kwararar wuta ce ko da babu waya, don haka filin maganaɗisu na zagaye ta kamar awarwaro. Amma a nisan santimita 1 ƙarfinsa nanotesla 0.4 ne kacal, alhali na duniya a nan ya haura nanotesla 30,000. Kamfas ɗin da yaron ya kawo daga gida ba zai ko motsa ba. Ke nan bin tsirkiyar a cikin iska ɓata lokaci ne. Inda ta sauka za mu tsare.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Ranar ƙarafa. Mun fara da ƙoƙon Faraday, wato ɗan bututu mai zurfi da ƙaramin baki wanda duk elektiron ɗin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Mita ta nuna mikro'amfiya 20. Wannan ne ma'auninmu. Sai muka karkata tsirkiyar kan gawayi: 18.5. Alminiyam 17. Jan ƙarfe 15.5. Dalma 13.

Yaron ya ce mitar ce ta lalace, domin jan ƙarfe ya fi alminiyam ba wuta hanya, me zai sa ya ba da ƙasa da shi? Ya yi gaskiya a rabin farko, alminiyam wajen kashi 61 cikin 100 na jan ƙarfe yake yi. Amma a nan ba faɗin hanya ake aunawa ba, yawan waɗanda suka yarda suka zauna ake ƙirgawa. Elektiron in ya shiga ƙarfe, cibiyoyin ƙwayoyin zarra ne ke fizgarsa, wani har ya yi kwana ya fito ta inda ya shiga. Cibiyar gawayi cajinta 6, ta alminiyam 13, ta jan ƙarfe 29, ta dalma 82. Mai babban caji ya fi iya juyar da baƙo. A ma'aunin da masu madubin elektiron, wato na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa da tsirkiyar elektiron, ke aiki da shi, gawayi na mayar da kimanin kashi 6 cikin 100, alminiyam 15, jan ƙarfe 30, dalma da zinariya kusan rabi. Tazarar tamu ba ta kai haka ba, kuma na san dalili: ragowar iskar da ke cikin kwalba tana watsa tsirkiyar, tana kuma ƙara nata cajin a kan wayoyi. Jerin dai ya fito daidai sau biyar a jere, kuma shi na fi damuwa da shi.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da duk wannan ke faruwa. Da ƙa'idar Kanaya da Okayama ta 1972 na lissafa: a bolt 4,000 elektiron na nutsewa kimanin mikromita 0.1 a jan ƙarfe, 0.3 a alminiyam. Kaurin gashin kai wajen mikromita 70 ne. Wato yatsan da ya taɓa faifai ya bar maiƙo, ya canza abin da muke aunawa. Daga yau sai da safar hannu da sifirit.

Su kuwa waɗanda suka zauna, ƙarfe ba ya riƙe su. Nan take cajin ke bazuwa zuwa fatar ƙarfen ya bi waya ya koma inda ya fito, filin lantarki bai samu damar taruwa a ciki ba. Abin da ya rage shi ne filin maganaɗisun da ke zagaye wayar komawa. Wannan ce rabin amsar ɗalibata.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Gilashi ya ba mu wuya, kuma shi ya fi koya mana.

Mun manna takardar alminiyam a bayan wani yankin gilashin taga, muka ja waya daga takardar zuwa osiloskop ɗin Baba, wanda ya koma aikinsa na asali. Da aka kunna tsirkiya layin ya yi tsalle sau ɗaya ya koma ya kwanta. Da aka kashe ya yi tsalle ta ɗaya ɓangaren. A tsakani babu komai, ko da tsirkiyar na ta zuba. Babu elektiron ko ɗaya da ya ratsa gilashin. Cajin da ya taru a fuska ne ya kori 'yan'uwansa da ke cikin takardar baya, ta hanyar filin lantarki kawai. Gilashin ya zama kondensa. Wannan ne abin da James Clerk Maxwell ya ƙara a lissafinsa a shekarun 1860, cewa filin lantarki mai canzawa yana aiki kamar kwararar wuta. Na koyar da shi ba adadi, yau na gan shi a kan allo mai faɗin tafin hannu.

Ɗigon kansa kuma ya ƙi zama. A kan ƙarfe yana nan daram, a kan gilashi sai ya buɗe, ya yi rawa, wani lokaci ya zame gefe. Lissafi ya nuna cewa wuri mai faɗin santimita 1 ba ya buƙatar ko kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ya tara cajin da zai fara tunkuɗe masu zuwa. Waɗanda suka riga sauka su ne ke tare ƙofa. Filin maganaɗisun da muka kasa aunawa a watan jiya bai kai komai ba, amma wannan filin lantarkin har tsirkiyar da ta haife shi yake lanƙwasawa.

Sai ga wani abu da ya rikita mu har la'asar. In injin ya yi minti 5 kawai, gilashin lafiya lau yake, ɗigo ba ya rawa. Sai ya yi minti 20 rawar ke farawa. Na ɗauka wata waya ce ke kwancewa in ta yi zafi. Ɗalibar ce ta lura cewa launin kwalbar ne ke bin abin, ba agogo ba: muddin akwai shunayya, babu rawa. Ruwa ba ya tsami banza. Tsirkiyar na fasa ƙwayoyin ragowar iska, ɓangarorin masu caji kishiyar na elektiron su garzaya fuskar gilashi su kashe abin da ya taru. Da wannan dabarar ce wasu madubin elektiron na zamani ke duba ƙwaro ko ganye ba tare da an shafe su da zinariya ba: da gangan ake barin 'yar iska a ciki. Raunin injinmu ne ya kai mu ga abin da masu manyan na'urori ke biyan kuɗi su samu.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Roba mai garai-garai, irin ta allon talla. Mun buga ta na ɗan lokaci, muka saki iska a hankali, muka fito da ita muka kusanta ta da ma'aunin caji da yaron ya haɗa da kwalbar zuma da siraran takardun cingam biyu. Takardun suka buɗe kamar almakashi. Mun je sallar azahar mun dawo, mun ci abinci, har yanzu suna buɗewa. Hunturu ya taimaka, iskar ta bushe ƙayau.

Yaran sun ga hotunan bishiyar walƙiya a cikin roba, sun tambaya ko za mu yi. Sunan Lichtenberg ake ba su, wanda ya fara ganin irinsu a 1777. A cikin roba sai da bolt miliyoyi, domin elektiron ya nutse zurfin santimita ya maƙale, sannan a tsokane shi da ƙusa ya fashe ya fito. Namu a fata yake tsayawa. Na ce musu a'a, kuma na gaya musu dalili.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya rage mana lokaci, daga hantsi zuwa azahar kawai muke yi. Makonni biyu da suka wuce na yi murna da wuri, kuma dole in rubuta shi yadda ya faru.

Wutarmu daga taransifomar tsohuwar talabijin take, wadda aka ƙera don bugawa sau 15,625 a daƙiƙa, wato layin hoto 625 sau 25, tsarin talabijin na PAL da muka taso da shi. Na cire kondensar da ke daidaita ta don tsirkiyar ta riƙa zuwa gutsure-gutsure, tunda filin maganaɗisu mai canzawa ne kaɗai naɗin waya ke ji. Na zura wayar komawa ta cikin zoben da na ciro daga akwatin wutar kwamfuta, na naɗa masa siririyar waya. Osiloskop ya nuna igiya kyakkyawa, babba. Na kira Baba ya zo ya gani.

Ya duba, ya ce, "Malam, kawar da wutar daga kan ƙarfen mu gani." Na karkatar da tsirkiyar gefe. Igiyar ba ta ko girgiza ba. Ashe taransifomar ce ke magana kai tsaye da zoben, daga nisan kamu biyu. Abin ya yi min ciwo, amma gara da ya fito a zaure da a ce a gaban aji ne na koyar da shi.

Maganin ya sake dawo da mu kan bambancin kayan. Filin maganaɗisu mai canzawa in ya tarar da ƙarfe, yana tayar da kwararar wuta mai kewayawa a cikinsa, ita kuma ta haifi nata filin da ke adawa da shi. Don haka ba ya nutsewa da nisa. A bugu 15,625, bayan kimanin rabin milimita a jan ƙarfe, ko milimita 0.7 a alminiyam, ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. A bugu 50 na wutar gida kuwa sai ya ci milimita 9 na jan ƙarfe kafin ya ragu haka. Mun gwada: faifan roba tsakanin taransifoma da zobe, babu canji. Gilashi, babu canji. Muka kife taransifomar da tukunyar alminiyam ta zubi mai kaurin milimita 3, muka haɗa tukunyar da ƙasa, hayaniyar ta faɗi warwas.

A ƙarƙashinta sai ga 'yar ƙaramar igiya, milibolt biyu ko uku. Na karkatar da tsirkiya, ta ɓace. Na dawo da ita, ta dawo. A kan gawayi ta fi tsayi, a kan dalma ta fi gajarta, daidai da jerin watan Janairu. Wannan karon sau uku na sa Baba ya karkatar da hannunsa ban kallo, ina faɗin inda take daga allon kawai. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Bayan sallah mun tarar da wani ɗaki daban. An yi yayyafi a makon nan, iska ta yi nauyi. Robar da ta riƙe caji tun azahar har la'asar a watan Fabrairu, yau minti kaɗan ta yi. Gilashi kuwa kafin mu kai shi wurin ma'auni ya huce, saboda danshi na shimfiɗa masa siririn ruwa a fuska wanda caji ke bi ya gudu. Injin ma ya fi daɗewa kafin shunayyar ta washe, bangon kwalba na ta sakin ruwan da ya sha. Duk awon da ya shafi masu riƙe caji dole a rubuta yanayin ranar a gefensa, kuma na koma baya na cike na watannin da suka wuce gwargwadon abin da na tuna.

Yaron ya tambaya ko wannan na da amfani a wajen zaure. Na ba shi labarin taurarin ɗan'adam biyu na Kanada, Anik E1 da E2, da suka rikice a rana guda a watan Janairu na 1994. Elektiron masu ƙarfi na sararin samaniya ne suka nutse cikin kayan da ba sa ba wuta hanya, caji ya taru ba mafita, ya fashe cikin na'urorin da ke daidaita su. A can babu danshi, babu ragowar iskar da za ta kawo ɗauki irin na kwalbarmu.

Saura gwaji ɗaya da nake ɗoki. Elektiron mai shigowa yakan fizgo wasu marasa ƙarfi daga fatar abin da ya buga, ƙasa da bolt 50. A kan gilashi, in ƙarfin tsirkiya ya sauko ƙasa da bolt dubu biyu zuwa uku, masu fita kan fi masu shiga yawa, sai fuskar ta ɗauki kishiyar cajin da ake zuba mata. In haka ne, tsallen farko a osiloskop ya kamata ya juya. Mun gwada yau a bolt 1,500, amma a wannan ƙarfin kwalbar ba ta kamawa sai an bar iska da yawa, iskar kuma tana share cajin. Dole mu koma ga zaren da ake zafafawa ya saki elektiron, irin na cikin ƙwan fitilar mota, shi kuma yana ƙonewa in iska ba ta fita sosai ba.

Jarrabawar WAEC ta matso, na sallami yaran har sai sun gama. Baba ya ce yana da ƙwayayen fitila guda shida da zai ba mu mu ƙona. Abokina zai kawo sabon man injin ranar Alhamis, ni kuma zan gasa kwalbar a rana kwana biyu kafin in rufe ta, ko ruwan bangon zai ragu.